Awon Saman Tanki

A duk garin wuri ɗaya ne intanet ke kamawa da gaske, wato saman tankin ruwa. A ƙasa sai sandar sabis ɗaya a waya, ta zo ta ɓace kamar numfashin majinyaci. In an yi sa'a takan ɗauki murya, amma hoto ya fi ƙarfinta. Tankin yana kan tudu a bayan makarantar firamare, tsaye kan ƙafafun ƙarfe, kuma mabuɗin ƙofar tsaninsa yana wuyan mai kula da famfon gari. Tun yana yaro ake ce masa Ƙadangare, don babu katangar da bai hau ba. Ya girma, sunan ya ƙi sauka.

Su biyu ne a gida, shi da Inna. Shekarun baya wani zazzaɓi ya kwantar da ita, da ta tashi kunnenta bai tashi tare da ita ba. Ba ta yi karatu ba, ballantana a rubuta mata. Sai ta koyi sauraro da ido. Takan kafa wa bakin mutum ido, ta tsince maganar daga leɓensa tas. Saboda haka a gidansu babu rashin kunyar da ta kai mutum ya kau da fuska yana magana.

'Yarta ta fari, wadda Ƙadangare ke kira Yaya, ta bi mijinta wata ƙasa mai nisa, tana aikin kula da tsofaffi. Kiran murya ba ya yi wa Inna amfanin komai. Don haka kullum da safe, in ya kunna injin ruwa, sai ya hau tanki ya sauke bidiyon da Yaya ta turo, ya sauko ya kai wa Inna. Ta kalla, ta ba da amsa, ya ɗauka, ya sake hawa ya tura.

"Wannan ba hira ba ce, Auta," in ji Inna wata rana, ta ture wayar. Muryarta takan yi ƙarfi tunda ba ta jin kanta. "Na tambaye ta yau, ta ba ni amsar shekaranjiya. Na yi dariya, ita fuskarta a ɗaure. Ka taɓa ganin ana hira da hoton bango?"

Ya san abin da take so: ta zauna a ɗakinta, ta ɗaga gira, 'yarta ta ga ta ɗaga. Shi ke nan. Kuma ƙafafunta ba za su taɓa hawa tsanin nan ba.

Yaya kuwa ba ta gajiya da kwatance. In ya kira ta daga sama, iska na kaɗa rigarsa, da haka take farawa.

"Ka san tsohuwar da nake kula da ita? Gidanta a tsakiyar daji yake, maƙwabcinta sai an shiga mota. Amma an ja mata wayar intanet har ƙarƙashin gado. Likitanta ta allo yake duba mata harshe. Manoman nan ko shanunsu a waya suke bibiya."

"To Yaya, in shanun sun rage sai ki aiko mana."

"Kai komai wasa. Ina magana da uwar wasu kullum, tawa ban yi magana da ita ba tun da na zo. Ta taɓa ganin jikarta tana motsi a lokacin da take motsin? In ba za a gyara garin nan ba, ka kai ta inda sabis yake."

"Ɗakin Baba za ta bari?"

"Baba ya rasu, Auta. Ni ina raye."

Ya katse kiran, ya ce iska ce. A ransa ya ƙudurta cewa Inna ba za ta bar gidan ba. Sabis ne zai zo ya same ta.

Sai ga labari ya iso cewa za a kakkafa ƙarfen sabis mai intanet mai sauri a karkara, kuma za a turo mai awo ya zaga garuruwa kafin a zaɓi inda za a fara. Mai gari ya tara maza a ajin makaranta, suka takura kan bencinan yara, gwiwa na taɓa haɓa.

"Kun tuna asibiti?" in ji mai gari.

Kowa ya tuna. Lokacin da aka zo duba inda za a gina ƙaramin asibiti, ranar kowa na gona, jami'an suka tarar da gari shiru, suka ce babu jama'a. Aka kai wa 'yan gangare, garin da ke can ƙasa cikin kwari, waɗanda 'yan tudu ke wa kallon ƙauyawa tun kaka da kakanni.

"Ba a kai haja inda babu masu saye," in ji mai gari. "Wannan karon mutumin nan zai ga gari. Duk mai babbar waya ya fito da ita a hannu. Ya san mun san abin, muna amfani da shi, mu ya dace a fara ba."

"Wanda tasa ta mutu fa, ranka ya daɗe?" in ji Tela, abokin Ƙadangare, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi.

"Ya riƙe ta a haka. Wa zai duba?"

Aka yi dariya, aka watse da murna. Babu wanda ya tambaya me ake aunawa.

Mai awo ya iso da hantsi a kan babur, saurayi ne siriri, da jaka a baya da alamar gajiya a ido. Ya tarar da layi cike da mutane kowa na latse-latsen waya, har da tsohon da ya riƙe tasa a kife. Aka ba shi kujera, aka ba shi ruwa. Ya ce yana sauri, akwai garuruwa a gabansa. Ya fito da wata na'ura mai allo, ya ɗaga ta a ƙofar makaranta. Wani ɗan zobe ya fara juyawa a allon. Ya yi ta juyawa. Jama'a suka zuba masa ido.

Kunya ta kama mai gari, kamar wanda aka ce abincin gidansa ba gishiri a gaban baƙo. Ya yi gyaran murya.

"Ai nan ba a nan muke yi ba."

Mai awo ya ɗago. "To a ina mutanen garin suka fi amfani da intanet? Can ake so in auna."

Duk yatsu suka nuna mutum ɗaya.

"Ƙadangare, kai shi sama," in ji mai gari. "Kada a bar baƙo a rana yana wahala."

Ya kai shi. Ya buɗe ƙofar tsani, ya shige gaba, yana faɗa masa matakin da ya yi tsatsa da wanda ke motsi. A sama ma bai bar shi ya tsaya ko'ina ba. Shekaru ya yi yana lalube a wurin, ya san shi kamar tafin hannunsa. Ya ja shi kusurwar gabas, inda bututun ruwa ya shiga tanki.

"Nan. Juya wa makaranta baya. Miƙa hannunka ya wuce ƙarfen. Ƙara ɗagawa kaɗan. Yauwa."

Zoben ya ɓace nan take. Lambobi suka yi sama a guje. Mai awo ya buɗe baki.

"Kai! Wannan ai ya fi na ofishinmu."

Wani daɗi ya ratsa Ƙadangare, irin wanda ya daɗe bai ji ba. Ba a cika yabon abin da ya sani ba. Ya leƙa allon, ya tambaya mene ne launukan nan. Mai awo, da yake iska ta sanyaya masa rai, ya nuna masa. Taswirar sabis ce: kore inda yake da ƙarfi, ja inda babu. Ya matse ta da yatsu biyu har duniya ta fito gaba ɗaya. Wasu ƙasashen kore shar daga baki zuwa baki, birni da ƙauye ba bambanci. Wasu kore a birane, rawaya a gefe. Tasu kamar jikin mai ƙyanda, ɗigon kore nan da can, sauran duk ja.

Ƙadangare ya faɗi sunan ƙasar da Yaya take. Mai awo ya nuna masa. Kore ce, ko ɗigon ja babu.

"Mu fa?"

Mai awo ya buɗe taswirar har ya kawo kan tudunsu. Ɗigon garin toka-toka ne, ba a riga an ba shi launi ba. Ya danna wani wuri. Ɗigon ya koma kore.

Launinsu ɗaya da ƙasar Yaya. Ƙadangare ya daɗe yana kallo.

"Yaushe za a kawo ƙarfen?"

"Ni awo ne nawa, na sama ke yankewa," in ji mai awo, hankalinsa ya riga ya koma kan wayarsa, yana kiran matarsa ta bidiyo tunda ya samu dama. Da suka sauko, ya ɗaga kai ya dubi tsawon tsanin, kamar wani abu ya ɗarsu a ransa.

"Wai kowa yana hawa nan?"

"Kowa!" in ji mai gari. "Har tsofaffi."

Aka fashe da dariya. Ƙadangare ya san ban da shi sai samari 'yan kaɗan da yake buɗe wa, su ma sai ya ga dama. Ya tuna ƙafafun Inna. Amma gari na dariya, baƙo na dariya, ya ga ba wurin gyara wa mai gari magana ba ne. Ya kulle ƙofar tsani. Aka raka mai awo har bakin gari ana ɗaga masa hannu da wayoyi.

A gida ya durƙusa gaban Inna inda haske ke faɗo wa fuskarsa, ya faɗa mata a hankali.

"An auna. Mun ci. An kusa."

Ta dube shi, ta sake duban bakinsa. "A ɗakin nan?"

"A ɗakin nan."

Washegari ta sa shi ya janye akwatin Baba daga jikin bangon da ke fuskantar taga. Ta ce nan za ta riƙa zama, don haske ya samu fuskarta, kuma ba ta so 'yarta ta ga bango da tabon hayaƙi. Ya shafe bangon da farar ƙasa. Ya samo guntun katako, ya kafa shi da ƙusa a gefen taga daidai tsawon idonta in tana zaune, inda za a jingina waya. Ta zauna ta gwada, ta ce ya yi sama. Ya cire ya sauke. Ta ce yanzu ya yi. Kullum da safe takan goge katakon da gefen zaninta, ko da yake babu komai a kai.

Damina ta shiga ta fita. Wata ranar kasuwa da rana tsaka aka ji rugugin manyan motoci. Ƙadangare yana gyaran bakin famfo, ya yar da sifana ya fito layi. Motoci ne ɗauke da dogayen ƙarafa masu fenti ja da fari, da buhunan siminti, da wani ƙaton naɗin waya. Mata suka fito ƙofar gida suna tafi. Tela ya fito da tef a wuya yana ihu. Mai gari ya tsaya a tsakiyar hanya yana nuna musu filin da aka share a gefen makaranta.

Direban farko ya yi masa ham, ya kauce. Motar ta wuce filin. Ta biyu ta bi ta. Ta ƙarshe ma haka. Suka karya kwanar bayan gari, suka kama hanyar gangare.

Tafin ya mutu a hannun mutane.

"Ƙila juyowa za su yi," in ji wani.

Ƙadangare ya tayar da babur ya bi su. A bakin kasuwar 'yan gangare ya same su, har an fara sauke ƙarafa. Ya nemi shugaban leburorin, wani mai tumbi da hular kwano.

"Yallaɓai, kun yi ɓatan hanya. Garin da aka auna yana sama. Mu ne kore."

"Ai shi ya sa," in ji mutumin, bai ko daina kallon masu sauke kaya ba. "Kore ya wadatu. Jajaye ake bi. Wa ke kai wa mai ƙoshi abinci?"

Ƙadangare ya waiga ya dubi mutanen kasuwar.

"Su nan me suka yi?"

"Me za su yi? An ce yaron nan mai awo ya tsaya a tsakiyar kasuwar nan ya ɗaga na'ura har hannunsa ya gaji, ko ɗigo bai samu ba. Ko ruwa ba su ba shi ba. Ya sa musu ja ya wuce."

"To a sake auna namu."

"Ba a wannan zagayen ba."

"Yaushe ne wani zagayen?"

Mutumin ya ɗaga kafaɗa.

"Wannan ɗin fa, in an gama, zai kai mana?"

Sai a lokacin ya juyo, ya dubi tudun, ya kanne ido ɗaya. "Kwari zai fuskanta. Ƙugun tudun nan zai tare ku. Sai dai in kuna da wani wuri mai tsawo sosai. Kamar wancan tankin."

Kafin ya koma gida labari ya riga shi. Kuma gari ya riga ya gama shari'a. Mai gari ya manta shi ya ce a kai baƙo sama. Masu nuni da yatsa sun manta sun nuna. Abin da kowa ya tuna shi ne wa ke da mabuɗi, wa ya shige gaba a tsani, wa ya ce a ƙara ɗaga hannu. In ya zo wucewa sai hira ta yanke. Ba wanda ya iya zaginsa a fili, don ruwan kowa a hannunsa yake. Tela kaɗai ya faɗa masa a ido.

"Ƙadangaren bakin tulu! A kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. Mutum ya zo neman marasa lafiya, ka kai shi gidan ɗan dambe."

"Kana wurin. Har tsalle ka yi."

"Na yi tsalle a ƙasa. Kai ka yi naka a sama." Tela ya ga fuskarsa, ya rage murya. "Inna ta sani?"

Ƙadangare ya juya ya yi tafiyarsa.

Ya nemo lambar mai awo a wurin mai gari, ya hau tanki ya kira shi. Ya yi masa bayani tiryan-tiryan: a ƙasa babu komai, mahaifiyarsa ba ta ji, awon nan na kusurwa ɗaya ne da bai fi tabarmar sallah ba.

"Na gane," in ji mai awo, da alamar ba ya jin daɗin maganar. "Na tambaye ku inda kuke amfani da shi, kuka nuna mini. Abin ya riga ya shiga, ba ni da ikon taɓa shi. Amma tsaya, daga ina kake kirana yanzu? Ina jin ka rau kamar kana gefena."

Ƙadangare ya leƙa ƙasa.

"Saman tanki," ya ce.

"To ka gani."

Kwanaki yana kauce wa Inna. Ya fita da sassafe, ya dawo ya ci abinci kansa a sunkuye. Ranar da ta tare shi a ƙofar ɗaki ta ce, "Ina maganar ƙarfe?" sai ya juya fuskarsa wajen bango ya ce ana nan ana shiri. Bai taɓa yi mata haka ba tun da ta kurumce. Ta kama haɓarsa da yatsunta masu tauri, ta juyo da shi.

"Ni za ka ba wa ƙeya?"

"Inna..."

"Na je famfo. Matan garin nan sun ɗauka wanda ba ya ji ba ya gani. Tun daga nesa na karance su. Kai ka kai shi sama."

"Cewa aka yi in kai shi."

"Ban tambaye ka wa ya ce ba." Ta sake shi. Ta dubi katakon da ke gefen taga. "Garin gyaran gira. To, Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Daga ranar ta daina goge katakon. Bidiyon Yaya ma in ya kawo, takan kalla sau ɗaya ta miƙo masa, ta ce ya ce mata tana gaishe ta.

Da aka kunna ƙarfen 'yan gangare, Yaya ce ta fara kawo maganar.

"Ka kai ta gidan Gwaggo. An ce a tsakar gidanta ma yana kamawa."

"Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

Ta sani. Gwaggo ƙanwar Baba ce, tana aure a gangare. Ranar zaman makokin Baba, tana zaune cikin mata, ta karkata ta ce wa ta kusa da ita, "Yana ta kiranta kafin ya cika, tana tsakar gida ba ta ji ba." Ta ɗauka ba mai ji sai wadda ta faɗa wa. Inna tana can ɗaya gefen, idonta a kan bakin Gwaggo. Tun daga ranar ba ta sake taka gidanta ba, ta ce ko gawarta kada a bi da ita ta ƙofar.

"Ba za ta je ba," in ji Ƙadangare.

"Ka tambaye ta."

Ya tambaye ta don ya cika umarni, yana da tabbacin amsar. Inna ta daɗe tana kallon bakinsa bayan ya gama magana.

"Gobe in ka kunna inji," ta ce.

Da safe ta fito da mayafinta na unguwa da wani ƙunshi a ɗaure cikin zani. Ya ɗauka tsarabar sulhu ce za ta kai wa Gwaggo, bai tambaya ba. Ya ɗaure ƙunshin a gaban babur, ta hau baya ta riƙe rigarsa. Suka bi ta gaban shagon Tela, suka wuce filin da aka share wanda ciyawa ta fara rufewa, suka gangara. Ƙarfen yana tsaye a bakin kasuwa, ja da fari, ya fi duk bishiyoyin kwarin tsawo.

Gwaggo tana shanya a tsakar gida. Da ta ga mai shigowa, rigar da ke hannunta ta faɗi ƙasa.

"Matar yaya? Ke ce?"

"Ba wurinki na zo ba," in ji Inna da muryarta mai ƙarfi. "Ba ni tabarma."

Gwaggo ta kawo tabarma da sauri har tana tuntuɓe. Ta shimfiɗa a inuwa, Inna ta ce a ja ta inda haske yake. Ƙadangare ya ciro waya. Sandunan sabis sun cika, a ƙasa, a zaune, ba tare da ya ɗaga hannu ba. Ya jingina wayar a jikin turmi, ya danna kira.

Fuskar Yaya ta fito tar, kamar ta leƙo ta taga.

Inna ta ɗaga hannu a hankali, tana gwadawa. Yaya ta ɗaga nata. Inna ta sauke, ta karkata kai gefe. Yaya ta karkata, ta fashe da kuka da dariya a haɗe.

"Kin rame," in ji Inna.

"Ke ma, Inna."

"Ƙarya kike, ni ƙiba na yi. Matso da bakinki. Haƙorin nan na gefe yaushe ya fita?"

Yaya ta ba ta amsa nan take, Inna ta tsince ta nan take, ta mayar mata. Suka sarƙe. Inna na katse ta, tana katse Inna, kamar yadda suke yi a kicin shekarun da. Sai Yaya ta sunkuya ta ɗago 'yar yarinya mai kitso biyu. Inna ta tafa hannu. Yarinyar ta dube ta, ta tafa nata. Inna ta rufe fuska da mayafi ta buɗe. Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariyar da Inna ba ta ji, amma ta gani a lokacin da ake yin ta.

Ƙadangare yana tsaye a jikin bango. Rabon da ya ga haƙoran Inna a waje haka, tun Baba na da rai. Gwaggo na gefe tana share ido da bakin zani, ba wanda ya kula ta.

Sai da wayar ta yi zafi Yaya ta ce lokacin aikinta ya yi, gobe war haka. Allon ya yi duhu. Ƙadangare ya sunkuya zai ɗauki wayar.

"Bar ta," in ji Inna.

Ta jawo ƙunshin, ta kwance. Ba tsaraba ba ce. Zannuwanta ne, da carbi, da kwalbar man zafinta, da kofin silbar da take shan ruwa da shi.

Ya durƙusa a gabanta. "Inna, a nan? Gidan Gwaggo?"

"Akwai ɗakin da ba kowa," in ji Gwaggo da sauri daga bayansa. "Wallahi ta zauna har iyakar ranta. Ni mai laifi ce, na sani..."

Inna ba ta ga abin da Gwaggo ta ce ba, don ba ta dube ta ba. Ɗanta take kallo.

"Ta ce gobe war haka. Jibi ma haka. Kullum za ka bar famfo ka kawo ni? Gari na jin haushinka, ka ƙara musu da ƙishirwa?"

"Zan iya. Da safe in kawo ki, da yamma..."

"Bayana ba zai iya babur kullum ba, Auta."

"Za a sake awo. Mutumin ya ce akwai wani zagayen. In suka dawo ko kusa da tankin ba zan bari su je ba, a ɗakinki za su auna, a kan katakon nan. Inna, ɗakin Baba fa? Ni kaɗai zan..."

Ya tsaya. Ta riga ta sunkuyar da kai tana goge allon wayar da gefen mayafinta, a hankali, kamar yadda take goge katako. Bai san daga wace kalma ta daina kallon bakinsa ba. Zai iya kama haɓarta ya ɗago, kamar yadda ta yi masa. Hannunsa ya ƙi.

Ya ciro cajar daga aljihu ya miƙa wa Gwaggo. Ya nuna mata inda ake dannawa in kira ya shigo, ya sa ta gwada sau biyu. Ya ce kada a bar ta a rana, kuma a riƙa zaunar da Inna inda haske zai samu fuskarta. Gwaggo ta ce ya tsaya ya ci abinci. Ya ce ya bar inji a kunne.

Hanyar hawa ta fi ta gangara tsawo. Babur ɗin ba nauyi, yana ta tsalle a kan duwatsu. Tela ya ɗago daga kan keken ɗinki ya ga bayan babur ba kowa, ya mayar da kansa kan aikinsa.

Bai shiga gida ba. Ya wuce tudu, ya kashe inji don tanki ya cika har yana zuba. Ƙafafunsa suka kai shi tsani kamar kullum. Ya hau, ya tsallake matakin da ya yi tsatsa, ya tsaya a kusurwar gabas, ya sa hannu a aljihu. Babu komai a ciki sai mabuɗin babur.

Daga nan ana hango kan ƙarfen 'yan gangare, ya ɗan leƙo ta bayan ƙugun tudu. Gidan Gwaggo ba a ganinsa.

A ƙasa mata sun jera bokitai. Wata ta ɗaga kai, ta kare rana da tafin hannu.

"Ƙadangare! In ka gama kallon ƙasashen waje ka sauko ka buɗe mana ruwa!"

Ya juya, ya kama ƙarfen tsani, ya fara sauka.